Kamun ƙafa da dala: abin da ƙungiyar masu bindiga ta yi wa majalisar Amurka

Daren Lahadi muna zaune a majalisarmu bayan isha'i, ƙanen wani abokina ya miƙo min wayarsa ya ce, Yaya dan Allah kalli wannan. Tsohon bidiyo ne na 2018 amma ya sake yawo. Wani yaro ɗan sakandare daga makarantar Parkland ta jihar Florida, inda aka harbe mutum 17 sati ɗaya kacal kafin ranar, yana tsaye gaban Sanata Marco Rubio a cikin cunkoson jama'a, ya tambaye shi ko zai iya yin alkawari a nan take cewa ba zai ƙara karɓar kuɗin NRA, babbar ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, ba.

Sanatan ya yi ta kewaye-kewaye. Ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a. Abin da dai ya fito daga bakinsa shi ne wai masu ba shi kuɗi manufarsa suke goyon baya, kuma ƙarfin irin waɗannan ƙungiyoyi daga miliyoyin mutanen da ke bayansu yake, ba daga aljihunsu ba.

Nan da nan majalisa ta yanke hukunci. Wani ya ce ai shikenan sun saye shi. Wani ya ce ashe Turawan ma irin namu ne, kuɗi a jaka ƙuri'a a hannu. Aka yi dariya aka koma maganar ƙwallo.

Ni kuma na tafi gida abin yana cina. Ba don ina kare sanatan ba, wallahi ko kaɗan. Abin da ya dame ni shi ne mun sauƙaƙa maganar da yawa, kuma duk wanda ya ɗauka cin hanci ne irin na ambulan da muka sani, to ba zai taɓa gane me ya sa yara suke mutuwa a aji shekara da shekaru a ƙasar da ta fi kowa kuɗi amma dokar ta ƙi motsi ba.

Ga matsayata tun da wuri. Abin da ƙungiyar NRA ta yi da kuɗinta a siyasar Amurka barna ce babba, duk da cewa akasarinsa doka ta halatta. Ta kashe kuɗi ta dasa tsoro a zukatan 'yan majalisa, sannan ta yi amfani da tsoron ta rufe ƙofar bincike, ta rufe ƙofar kotu, ta ɗaure hannun hukuma. Ina ganin wannan ya fi cin hanci illa, domin mai cin hanci ana iya kama shi, wannan kuwa babu wanda za ka kama.

Ba haka ta faro ba

A taƙaice dai. An kafa NRA a 1871 a New York, wasu tsofaffin sojojin yaƙin basasa ne, William Church da George Wingate, suka kafa ta saboda takaicin yadda sojojinsu ba su iya saiti ba. Kusan shekara ɗari aikinta koyar da harbi da farauta da yadda za a riƙe bindiga lafiya. Har dokokin taƙaita bindiga na farko ma ba ta tsaya ta ce sai bayan ranta ba.

Abin ya juya ne a shekarun 1970. A 1975 ta buɗe reshen kamun ƙafa a majalisa, a 1977 kuma a babban taronta na birnin Cincinnati masu zafin ra'ayi ƙarƙashin Harlon Carter suka yi wa tsofaffin shugabannin juyin mulki cikin dare ɗaya. A 1980 ta fito ta goyi bayan ɗan takarar shugaban ƙasa a karon farko a tarihinta, Ronald Reagan. Tun daga nan ƙungiyar mafarauta ta zama injin siyasa.

"Ai sayen su aka yi"

Bari in fara da mutanen majalisarmu. Idan saye ne, nawa aka saya?

Doka a can ta ƙayyade abin da asusun siyasa na ƙungiya zai ba ɗan takara hannu da hannu, dala 5,000 ne a kowane zaɓe, wato firamare da babban zaɓe ka haɗa bai wuce 10,000 ba. Takarar sanata kuwa miliyoyin daloli take ci, wata ma gomman miliyoyi. Yanzu kai a tunaninka mutumin da zai tara miliyan 20 ko 30 zai sayar da kansa a kan dubu goma? Ko kuɗin fosta bai kai ba.

Kuɗin kamun ƙafa a Washington ma haka. Shekaru da dama NRA tana kashe wajen dala miliyan 3 a shekara, da ta yi ƙoƙari ta kai miliyan 5. Kamfanonin magunguna su kuma sama da miliyan 300 suke zubawa a shekara guda. A wannan kasuwar NRA ƙaramar 'yar tireda ce.

Babban kuɗin yana wani waje. Shi ne wanda take kashewa da kanta, ba ta miƙa wa ɗan takara ba, ta sayi talla a talabijin da rediyo, ta buga wasiƙu, ta ɗauki masu buga waya. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 a shari'ar Citizens United irin wannan kuɗi ba shi da iyaka. A zaɓen 2016 ta kashe wajen dala miliyan 54 ta wannan hanya, sama da miliyan 30 a ciki don Donald Trump ya ci. Kuma kaso mai yawa na tallan ba yabon nasu ba ne, sukar abokin hamayya ne. Wani ɓangare mai tsoka na kuɗin kuma ya bi ta reshen da doka ba ta tilasta masa faɗin sunan waɗanda suka ba shi ba, wato mai zaɓe yana kallon talla bai san aljihun waye ba.

To ka ga bambancin. Daliget a wurinmu ana ba shi ne don ya yi. Ɗan majalisa a can ana nuna masa bulala ne don kar ya yi.

Katin makaranta

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara bin maganar nan shi ne makaminsu mafi kaifi ba shi da tsada. Maki ne, irin na jarrabawa. Kowane ɗan takara, daga na majalisar jiha har sanata, NRA tana ba shi A ko B har zuwa F, gwargwadon yadda ya kaɗa ƙuri'a da yadda ya amsa tambayoyinsu. Ana gab da zaɓe sai ɗan kati mai ruwan lemo ya faɗo a akwatin wasiƙar mamba, ga sunan wanda ake so ya zaɓa. Mutumin nan ba sai ya saurari muhawara ba, ba sai ya karanta manufa ba, zai sa katin a aljihun riga ya tafi rumfar zaɓe.

Ka yi tunanin ɗan majalisa daga karkara a jihar da Republican ke da rinjaye. Babban zaɓe ba ya tsoronsa, jam'iyyarsa ce za ta ci ko wa ta tsayar. Firamare yake tsoro, inda mutane kaɗan ne suke fitowa kuma masu zafin ra'ayi ne suka fi fitowa. Idan makinsa ya sauko daga A zuwa C gobe wani zai fito ya ce wannan zai karɓe muku bindigoginku, shikenan an gama da shi. Ba a ba shi ko sisi ba amma ya riga ya san inda zai sa hannu.

Kuma suna da gawar da suke nunawa. A 1994 majalisa ta hana sayar da wasu bindigogi masu kama da na yaƙi, a zaɓen wannan shekarar Democrat suka rasa majalisar wakilai bayan shekara 40 suna riƙe da ita, har kakakin majalisar Tom Foley ya faɗi a mazaɓarsa. Dalilan faɗuwar suna da yawa, amma Bill Clinton da kansa ya ɗora wa NRA kaso babba, kuma wannan labari ya zauna a kan 'yan siyasa kamar aljani. Da dokar ta cika shekara goma a 2004 aka bar ta ta mutu, majalisa ba ta yi ƙarfin halin sabunta ta ba.

"To ai dimokuraɗiyya kenan"

Wannan ita ce hujjar Rubio, kuma gaskiya ba zan ce babu komai a cikinta ba. NRA ta daɗe tana cewa tana da mambobi wajen miliyan 5, mutane ne na gaske, manoma da mafarauta da tsofaffin sojoji, suna biyan kuɗin ƙungiya daga guminsu. Suna da 'yancin haɗuwa su matsa wa wakilansu kamar yadda ƙungiyar malamai ko ta direbobi take da shi. Ban yarda a rufe bakin kowa ba. Da NRA ma ta kai wata jami'ar jihar New York ƙara cewa ta matsa wa kamfanonin inshora su guje ta saboda ra'ayinta, a 2024 alƙalan Kotun Ƙoli tara duka suka ba ta dama ta ci gaba da ƙarar, kuma ni ina ganin daidai suka yi.

Amma mu duba ranar 17 ga Afrilu 2013. Wata huɗu kafin nan, 14 ga Disamba 2012, wani matashi ya shiga firamaren Sandy Hook a jihar Connecticut ya kashe yara 20, 'yan shekara shida da bakwai, da manya shida. Yaran da ko haƙoran gaba ba su gama famfara ba. Sanatoci biyu, Joe Manchin da Pat Toomey, dukkansu masu makin A a wajen NRA, suka kawo ƙuduri mai sauƙi, a riƙa bincika tarihin mai sayen bindiga a kasuwannin baje koli da ta intanet kamar yadda ake yi a shago. Ba a ce a karɓe bindigar kowa ba. Ƙuri'un jin ra'ayi a lokacin suna nuna kusan mutum tara cikin goma sun yarda da irin wannan bincike, har da akasarin masu bindigar kansu.

Ƙudurin ya samu 54, aka ƙi da 46, kuma ƙa'idar majalisar dattawa 60 ake nema. Ya mutu, iyayen yaran suna zaune a sama suna kallo.

To ina dimokuraɗiyyar? Idan ƙungiya ta hana abin da mambobinta da kansu suke so, wa take wakilta? A nan ne maganar Rubio ta karye a wurina. E akwai miliyoyin mutane a bayanta, amma shugabannin sun fi mabiyan zafi nesa ba kusa ba, domin tsoro shi ne hajar da suke sayarwa, in an ce komai lafiya wa zai aiko da gudummawa? Ga kuma kamfanonin ƙera bindiga da dillalai da suke zuba nasu, akwai lokacin da kamfanin Ruger ya yi alkawarin dala ɗaya ga NRA a kan kowace bindiga da ya sayar. Ba laifi ba ne a doka. Amma kar a ce min muryar manomi ce kaɗai nake ji.

Abin da ya fi ci min rai

Da a ce sun tsaya a kan cewa muna son bindigarmu kar a taɓa, da na ce ra'ayi riga. Kundin tsarin mulkinsu ya ba su, gyara na biyu, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2008 cewa haƙƙin kowane mutum ne a karan kansa. Ƙasarsu ce, tarihinsu ne. Sai dai ba a nan suka tsaya ba.

A 1993 wani bincike da hukumar lafiya ta CDC ta ɗauki nauyi ya fito, ya nuna gidan da ke da bindiga haɗarin a kashe wani a cikinsa ya kusa ninka uku. Binciken yana iya samun gyara, masana suna iya musu a kai, haka ilimi yake tafiya, ka kawo naka in kawo nawa. Me NRA ta yi? Ta tafi majalisa. A 1996 wani ɗan majalisa daga Arkansas, Jay Dickey, ya saka layi ɗaya a kasafin kuɗi cewa kar CDC ta yi amfani da kuɗinta wajen tallata taƙaita bindiga, sannan aka zare dala miliyan 2.6 daga kasafin hukumar, daidai adadin da ta kashe a binciken bindiga shekarar da ta gabata. Layin bai ce kar a yi bincike ba. Ba sai ya ce ba. Duk ma'aikacin gwamnati ya san ma'anar a yanke maka daidai kuɗin abin da ka taɓa. Sama da shekara ashirin fannin ya bushe, matasan masana suka guje shi don babu abinci a ciki, sai a ƙarshen 2019 majalisa ta sake ware dala miliyan 25.

Shi kansa Dickey kafin ya rasu ya fito ya yi nadama, ya ce da an bar binciken ya ci gaba. Nadamar ta zo, amma shekarun ba su dawo ba.

Ka kwatanta da mota. Hatsarin mota yana kashe Amurkawa, ba su hana mota ba, sun zauna sun yi nazari shekara da shekaru, suka kawo bel, suka gyara titi, suka canza ƙirar motar, mutuwa ta ragu sosai. Bindiga kuwa a 2021 kaɗai ta kashe mutum 48,830 a ƙasar, sama da rabi kashe kai ne, kuma tun 2020 ita ce ta fi komai kashe yara da matasa, ta wuce mota. A kan wannan abu aka ce kar a kunna fitila.

Akwai wani wuri da tun da na karanta labarinsa ya ƙi fita daga kaina. A garin Martinsburg na jihar West Virginia akwai cibiyar ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, da ke bin sawun bindigar da aka tsinta a wurin aikata laifi. Ɗan sanda ya samu bindiga kusa da gawa, yana son sanin wa ya fara sayenta, sai ya aika lambarta can. A ƙasar Google da Microsoft za ka ɗauka dannawa ɗaya ne. Ina. Dokar 1986 da NRA ta tsaya kai da fata a kanta ta hana gwamnatin tarayya ajiye rajistar masu bindiga, don haka ba a yarda su haɗa bayanan yadda za a rubuta suna a kwamfuta ya fito ba. Takardun shagunan da suka rufe suna zuwa a kwali-kwali, wasu sun sha ruwa wasu sun ƙone rabi, ma'aikata suna ɗaukar hotonsu suna bi shafi-shafi da ido, kwalayen sun yi yawa har sai da aka riƙa zuba su a kwantena a waje. Wanda ya taɓa neman fayil a tsohuwar sakatariya ya san wannan wahala, bambancin kawai mu rashin kuɗi da sakaci ne suka ja mana, su kuwa da gangan aka rubuta a doka.

Daga 2003 aka ƙara wasu sharuɗɗa da ake kira na Tiahrt, aka taƙaita wa ATF fitar da bayanan bin sawun ga jama'a, aka kuma ce takardar binciken wanda aka amince ya saya a lalata ta cikin awa 24. A 2005 kuma aka yi dokar da ta kare kamfanonin bindiga da dillalai daga akasarin ƙararrakin da za a kai su idan an yi ɓarna da kayansu. Iyayen Sandy Hook sai da suka yi shekaru suna neman 'yar kafa a jikin dokar, ta hanyar yadda kamfanin Remington ya tallata bindigar, kafin a 2022 a sasanta a kan dala miliyan 73.

Ka duba waɗannan ukun da kyau. Ba ɗaya da ya ƙara wa manomin Montana 'yancin riƙe bindigarsa. Hana likita ƙirga gawa ba ya cikin gyara na biyu. Wannan kare kasuwa ne, da kare kai daga hujja.

"Ɗaya ɓangaren ma suna kashewa"

Gaskiya ne. Michael Bloomberg, attajiri tsohon magajin garin New York, ya sa dala miliyan 50 a 2014 ya kafa ƙungiyar Everytown don ya kara da NRA, kuma akwai zaɓukan da ɓangarensa ya fi su kashe kuɗi. Ni wannan ma bai kwanta min ba. Idan maganin ƙungiya mai kuɗi shi ne a jira wani hamshaƙi ya ji tausayi, to talaka ɗan kallo ne kawai, giwaye biyu suna kokawa.

Kuma abin da ya faru a Colorado a 2013 ya ishe mu darasi. Jihar ta yi dokar taƙaita bindiga, aka yi wa sanatocin jiha biyu kiranye, ciki har da shugaban majalisar dattawan jihar John Morse. Masu kare su sun fi masu kiranyen kuɗi sosai, Bloomberg ma ya sa nasa, amma duka biyun suka faɗi. Domin mai bindiga abu ɗaya yake zaɓe a kai, zai tashi da zazzaɓi ya je ya kaɗa, shi kuma wanda yake goyon bayan bincike yana da abu goma a gabansa, haya, asibiti, aiki, bindiga ta bakwai ce ko ta takwas. Aikin kuɗin NRA shekara arba'in shi ne ƙera wannan mutum mai abu ɗaya, ta mujallu da wasiƙu da taruka, kullum ana gaya masa suna nan zuwa su karɓe.

Har kamfanoni ba su tsira ba. Bayan Parkland kamfanin jiragen Delta ya soke rangwamen da yake wa mambobin NRA, sai majalisar jihar Georgia ta cire sassaucin harajin man jirgi na miliyoyin daloli da kamfanin zai amfana da shi. NRA ba ta ma buƙaci ta ɗaga yatsa ba, 'yan siyasa ne suke rige-rigen nuna mata biyayya.

"Ai NRA ta mutu yanzu"

Ta ji jiki, wannan haka ne. A 2020 babbar lauyar jihar New York Letitia James ta kai ta kotu, aka bankaɗo yadda Wayne LaPierre, wanda ya riƙe ƙungiyar tun 1991, yake shiga jiragen haya na alfarma zuwa Bahamas da iyalinsa, ga kwat na ɗaruruwan dubban daloli daga wani kanti a Beverly Hills. Ya sauka a Janairun 2024, a Fabrairu masu taya alƙali hukunci suka ce ya jawo wa ƙungiyar asarar dala miliyan 5.4. Kuɗin waye? Na tsohon sojan nan da yake cire 'yan daloli daga fanshonsa saboda an aiko masa wasiƙa cewa 'yancinsa na cikin haɗari. Wallahi shi ma ina tausaya masa, an ci amanarsa. Mambobi sun ragu, kuɗin kamfen ya ragu.

A 2022 ma an ga alama. Bayan an kashe yara 19 da malamai biyu a firamaren Uvalde ta Texas, kuma kwana uku bayan nan NRA ta buɗe taronta a Houston cikin jihar ɗaya, majalisar dattawa ta amince da wata dokar taƙaita bindiga da ƙuri'a 65, har da 'yan Republican 15, duk da NRA ta ce ba ta so. Ita ce doka mai ɗan nauyi ta farko cikin kusan shekara talatin.

Amma kar mu ruɗi kanmu. A satin da aka sa hannu a wannan doka Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin Bruen, wanda ya faɗaɗa 'yancin yawo da bindiga a waje ya kuma sa dokokin jihohi da dama cikin shakka, kuma uku daga cikin alƙalan da suka yi rinjaye Trump ne ya naɗa su, wanda aka kashe wa miliyan 30 ɗin nan. Alƙalai ne na har abada. Dokar kare kamfanoni tana nan. Kwalayen Martinsburg suna nan. Ƙungiyar kamfanonin bindiga ta NSSF ta shige gaba a kashe kuɗin kamun ƙafa, wasu ƙungiyoyi kuma irin Gun Owners of America suna ganin NRA ma sanyi gare ta. Mai gini ya tsufa amma katangar ta riga ta bushe.

Tambayar da ta fi min nauyi

Washegari da na koma majalisa na zazzage musu wannan duka, wani dattijo a cikinmu da muke kira Kawu, wanda ya baro ƙauyensu saboda 'yan bindiga, ya bar ni na gama tsaf sannan ya ce, ɗana, daren da suka shigo mana da ina da bindiga da yanzu ƙanena yana raye, kai kana nan kana zagin masu cewa a bar mutum ya kare kansa.

Na yi shiru, don ba ni da bakin yi masa musu. LaPierre bayan Sandy Hook cewa ya yi ba abin da ke tsayar da mugu mai bindiga sai nagari mai bindiga, kuma na san yadda wannan magana take shiga zuciyar wanda ya kira jami'an tsaro ba su zo ba sai da gari ya waye. A 2022 gwamnatin Zamfara da kanta ta ce mutane su nemi lasisin bindiga su kare kansu. Wanda bai kwana a daji da 'ya'yansa ba kar ya yi saurin yanke hukunci.

Abin da na iya ce masa shi ne, Kawu ni ba bindigarka nake faɗa da ita ba. Ka ɗauka gobe an ba ku izini, sai wata ƙungiya ta taso da sunan kare ku, dillalan makamai suna zuba mata kuɗi, ta je Abuja ta sa a yi doka cewa asibiti kar ya ƙirga waɗanda harsashi ya kashe, 'yan sanda kar su ajiye rajistar wa ya sayi wacce, wanda ya sayar wa ɓarayin daji kar a kai shi kotu, duk ɗan majalisar da ya ce a bincika mai saye kuma a kayar da shi a firamare. Na ce wannan ƙungiya kai take karewa ko su?

Kawu bai ce na yi gaskiya ba. Ya juya kofin shayinsa ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce shi dai wanda ya sayar wa mutanen nan bindigar da aka kashe ƙanensa da ita, yana so ya san sunansa.